Ofishin Ɓatattun Kaya, Tashar Foggia

Shekara talatin da ɗaya ina bayan wannan kanta,
a ƙarshen dandamali, inda jirgin Bari ke tsayawa ya yi huci.
Laima ɗari biyu da 'yan kai. Haƙoran roba a cikin kofi.
Goge marar tsirkiya. Takalmin yaro, na hagu kaɗai.
Kowanne na ɗaura masa lamba da zare,
na rubuta ranar da ya rabu da mai shi.

Kalmar kuwa tun ina 'yar shekara tara na san ta:
perdizione.
Fada Ermete ke jefo ta daga kan mumbari,
ta faɗo mana da ƙaurin ƙibiritu,
tsofaffi su ja mayafi, harshen kyandir ya karkata.
Halaka ke nan, gidan da ba a dawowa.
Da ita aka rufe zancen yayana Tancredi
ran da ya kwashe kuɗin zaitun na shekara guda
ya hau jirgin dare bai waiwayo ba.
Inna ta juya hotonsa ya dubi bango.
Ta ce ya kama hanyar perdizione,
kada a ƙara ajiye masa cokali.

Wata Talata ana ruwa wani tsoho ya shigo,
Fulgenzio, wanda ya koyar da Latin har alli ya cinye masa yatsu.
Safar hannu yake nema, ruwan toka, ta matarsa.
Matar ta rasu bara. Safar ce ta rage,
ita ma ya manta da ita a kan kujera.
Ina tona kwali, ya leƙa littafina
ya ga inda na rubuta perduto, abin da ya ɓace.
Ya ce, Ornella, kin san wannan da waccan ta coci
nono ɗaya suka sha?
Uwarsu perdere. Gutsura ta biyu kamar burodi:
per, wato har ƙarshe, har ya wuce;
dare, a bakin mutanen da, bayarwa ce.
Hannu ne kawai ya buɗe, abu ya suɓuce.
An faɗe ta a kan kuɗi, a kan shari'ar da aka sha kaye,
a kan yinin da aka kashe a banza.
Wutar, daga baya aka hura mata.

Ban ga safar ba.
Ya ce ba komai, zai dawo Talata.
Har yau yana dawowa.

Ni ba ni da ilimin ja da Fada,
ya ma daɗe a ƙasa, shi da Inna, layi ɗaya.
Abin da na sani na kanta ne:
ba abin da ke zuwa nan da ƙafarsa.
Kowace laima akwai wanda ya saki,
ko don barci, ko don sauri, ko don ya gaji da riƙo.
Kuma wanda ya ce abu ya ɓace
ya shaida cewa da nasa ne.

Daren nan na ja ƙofa, ban kashe fitila ba.
Na buɗe sabon shafi, na ba shi lamba.
Iri: namiji, dogo, da tabo a girar dama,
yana fito da haƙora idan zai yi ƙarya.
Inda aka bari: nan, dandamali na huɗu.
Wanda ya yar:
na daɗe da alƙalami a sama
kafin na rubuta sunan gidanmu.

Doka ta ce shekara guda ake ajiya, sannan gwanjo.
Wannan shafin ban nuna wa shugaban tasha ba.
Gurbin "an karɓa" yana nan fari,
jirgin ƙarshe kuma sha ɗaya da kwata yake shigowa.